Wasiƙa zuwa ga masu farautar ƙudaje da kyamara



Maris ya shigo, sanyin Ingila ya fara sassautawa, furanni na buɗe ido a gindin shingaye. Na san da yawanku kun goge gilashin kyamara kuna jiran ranar farko mai ɗumi. Kafin ku fita, ina da magana.

Mun taso muna korar ƙuda daga bakin kwano, shi ya sa idonmu bai saba tsayawa a kansa ba. Alhali ƙudan gida ɗaya ne tak cikin nau'i sama da 150,000 da masana suka raɗa wa suna, kuma a Birtaniya kaɗai akwai kusan 7,000. Wasu kore shar kamar an goge tagulla, wasu da ɗamarar ruwan goro da baƙi.

Wanda ke buɗe mana kaka shi ne Bombylius major. Ku neme shi da hantsi a gefen da rana ta buga, inda furen firimros yake. Ɗan dunƙule ne mai gashi ruwan ƙasa, gaban fukafukansa da baƙar gezar da ta yi kama da zanen lalle, ga dogon baki miƙe kamar allura. Ba ya harbi. Da wannan bakin yake zuƙar zaƙin fure yana shawagi, ƙafafun gaba kawai ya ɗora. Idan kun ga tamatar tana goga gindinta a busasshiyar ƙasa, kada ku motsa. Ƙura take ɗiba ta lulluɓe ƙwayayenta da ita, sannan ta je ta tsaya a iska a bakin ramin ƙudan zuman nan masu haƙa ƙasa, ta riƙa cilla ƙwan ciki. Tsutsarta a can za ta girma, tana cin tsutsar mai ramin. Na yi kaka uku kafin na ga wannan da idona, kuma hoton da na samu bai fita sosai ba, amma har yau shi na fi so.

Daga nan sai ƙudajen shawagi, waɗanda ke da nau'i wajen 280 a Birtaniya. Suna ara kayan rina da na ƙudan zuma don tsuntsaye su shafa musu lafiya. Ku ƙirga fukafukai: ƙuda biyu gare shi, ƙudan zuma huɗu. Ku duba ƙahonni, na mafi yawan ƙudajen shawagi gajeru ne, idanu kuwa manya, na namiji kan haɗe a saman kai. Namijin yana da wurin tsayawarsa a iska. In ya fyalla korar wani, nan zai dawo. Ku saita kyamara a gurbin, ku jira shi.

Batun kayan aiki ba shi da tsawo. Gilashin kusa mai milimita 90 zuwa 105 ya wadatar, wanda ake maƙala wa waya ma yana aiki. Ƙofar haske f/8 zuwa f/11, filasha a lulluɓe da farar takarda don kada ƙyallin jikin ƙudan ya ƙone hoton. Saiti a kan ido. Ku riƙa matsawa da jikinku a hankali, kuma kada inuwarku ta faɗa masa, don ita ke tashinsa tun kafin ku iso.

Yanzu abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu a cikinmu: a kama ƙuda a saka shi firji har ya sandare, ko ma a kashe shi, a ɗora a kan fure, a fesa masa ruwa a ce raɓa ce. Ni ma na taɓa yi sau ɗaya. Wani koren ƙuda ne mai dogayen ƙafafu. Na bar shi cikin sanyin ya wuce kima, da na fito da shi ƙafafunsa sun naɗe, bai sake tashi ba. Hoton ya yi kyau, mutane suka yaba, ni kuwa na san gawa na nuna musu. Na goge shi. Don Allah ku bar wannan. Sanyin asuba yana yi mana aikin firji ba tare da cutarwa ba: ku fita kafin rana ta yi ƙarfi, za ku same su a kan ganye suna shan hantsi, ba su da kuzarin gudu. Masanin da ke buƙatar samfuri don bincike hujjarsa daban; mu da muke neman hoto ba mu da wannan hujjar.

Hoton gawa kuma ba ya gaya wa kowa wane fure ƙudan yake ci, ko yaushe ya fito. Tun 2016 ake gudanar da shirin Bee-fly Watch, inda jama'a ke tura ranar da wurin da suka ga mai dogon bakin nan, Bombylius major, ta manhajar iRecord. Ku tura naku, da kwanan wata da wuri na gaskiya, har da hoton baya da na gefe ko da ba su da kyau, don da jijiyoyin fukafuki ake tantance nau'i.

Ku da kuke gida kuwa, ba sai kun jira kakar Turawa ba. Idan mangwaro ya yi huda da hunturu, ku tsaya a ƙarƙashinsa da safe ku ɗaga kai. Ƙudajen nan masu ƙyalli da ke dandazo a kan hudar suna cikin masu yi masa barbara. Ku ɗauke su, ku rubuta gari da rana, ku ɗora a iNaturalist. Ina ɗokin ganinsu.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan sha'awa.