Hutu a Kan Kogin Nilu: Aikin Yaya Babba



A hutun Disamba, Baba ya kawo iyali Masar, inda nake karatu, muka hau jirgin ruwan yawon buɗe ido daga Luksor zuwa Aswan, kwana huɗu.

A Esna akan shigar da jirgi tsakanin ƙofofi biyu, a cika wurin da ruwa har jirgin ya ɗago. Kowa ya fito kallo. Ina ta ɗaukar hoto, na waiga babu Auta, ɗan shekara biyar. Cikina ya ɗuri ruwa! Can na tsince shi a bakin tafkin wanka na saman jirgin, shi kaɗai.

Tun ranar muka raba aiki: kowane babba da yaron da zai riƙe. Muka rubuta sunan jirgi da lambar ɗaki muka saka musu a aljihu, domin jirage kan jeru gefe da gefe a tasha, duk kamarsu ɗaya. Ruwan gora da hula kuwa dole ne.

In kun je, ku kai su Kom Ombo su ga busassun kadojin zamanin Fir'auna. Amma hannunsu yana cikin naku.

Sai mako na gaba.