Hana ƙaƙƙarfar giya a jami'o'in Amurka: kwalba ce mai laifi ko mutum?

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

A ƙarshen watan Janairun 2015, shugaban jami'ar Dartmouth da ke jihar New Hampshire a Amurka, Philip Hanlon, ya tara ɗalibai da malamai ya sanar da su cewa an haramta ƙaƙƙarfar giya a harabar makarantar. Duk abin shan da sinadarin maye a cikinsa ya wuce kashi 15 cikin ɗari, ba a ajiye shi a ɗaki, ba a raba shi a wajen casu, ko da ɗalibi ya kai shekara 21 da dokar ƙasar ta yarda ya sha. A lura fa, ba giya gaba ɗaya aka hana ba. Biya da giyar inabi suna nan. Wuski da bodka da danginsu aka kora.

Dalili biyu ake kafawa da su: a rage kwankwaɗar giya da ke kai yara asibiti, a kuma rage fyaɗe da cin zarafin ɗalibai mata. Dartmouth ba ƙaramar makaranta ba ce. Tun 1769 take, kuma tana cikin jami'o'i takwas ɗin nan da ake ji da su, sahun su Harvard da Yale. Sai dai sunanta ya ɓaci da shaye-shaye, har masu neman gurbin karatu suka ragu da kashi 14 cikin ɗari a 2014. Kun ga ke nan bayan tausayin yara akwai batun kare suna.

Wasu sun bi sahu. A watan Agustan 2016 jami'ar Stanford da ke Kalifoniya ta hana ƙaƙƙarfar giya a wuraren casun ɗaliban digirin farko, ta kuma hana ajiye manyan kwalabenta a ɗakunan kwana. A 2018 babbar haɗaɗɗiyar ƙungiyoyin ɗalibai maza, irin waɗanda ke da gidajensu a kusa da makaranta inda ake kwana ana fati, ita ma ta zartar da hana duk abin da ya wuce kashi 15 a gidajenta.

Na san wani zai ce ai mu tun fiye da shekara 1,400 aka haramta mana ita, yanzu Bature ya farka. To, na ji. Maganar haramci a addini ba ita nake tattaunawa ba, wannan an gama ta. Abin da nake so mu duba shi ne: in hukuma ta hana wani abu don ta magance wata ɓarna, shin ta kama bakin zaren ko ta yi kitso ne da ƙwarƙwata?

Ni dai dalili na farko na yarda da shi. Na biyu kuwa ina da ja.

Bari mu fara da wanda na yarda da shi. Biya tana da sinadarin maye wajen kashi 5 cikin ɗari, giyar inabi wajen kashi 12, wuski da bodka kuwa wajen kashi 40. Abin da ke cikin gwangwanin biya ɗaya shi ne ke cikin ɗan ƙaramin kofin bodka da ake haɗiyewa a kurɓa ɗaya. Hantar mutum kuma ba ta iya tace fiye da kimanin ma'auni ɗaya a awa guda. Mai shan biya cikinsa ne zai cika ya taka masa birki, ko fitsari ya tashe shi. Mai shan bodka ba shi da wannan birkin. Cikin minti ashirin zai iya zuba wa cikinsa abin da hanta za ta yini tana fama da shi. Mafi muni, ko ya faɗi ya sume, abin da ke cikin tumbi yana ci gaba da shiga jini. Abokai su ce barci yake, a bar shi ya huta, alhali numfashi ne ke ja da baya ko amai ya shaƙe shi.

Hukumar lafiya ta Amurka mai kula da harkar barasa tana kiran shan ma'auni biyar ga namiji, ko huɗu ga mace, cikin kimanin awa biyu, da sunan shan kwankwaɗa. Yanzu ku kwatanta da abin da ya faru da Timothy Piazza, yaro ɗan shekara 19 a jami'ar Penn State, a watan Fabrairun 2017. A daren shigar da shi wata ƙungiyar ɗalibai, an ɗura masa ma'auni 18 cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi. Ya faɗo daga bene, ya samu rauni a ka da ciki. Kusan awa goma sha biyu suka yi ba su kira motar asibiti ba. Yaron ya mutu. Ma'auni 18 a wannan ɗan lokacin abu ne mai wuya da biya zalla. Don haka duk dokar da za ta rage gudun da guba ke shiga jini, tana da amfani. Ko rai ɗaya ta tsare, ta biya kuɗin sabulu.

Masu adawa suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa Amurka ta taɓa haramta giya gaba ɗaya daga 1920 zuwa 1933, abin da ya haifar shi ne kasuwar bayan fage da 'yan daba irin su Al Capone, har aka soke dokar. Suna cewa tun 1984 aka matsa wa jihohi su mayar da shekarun sha 21, amma ɗan aji ɗaya mai shekara 18 bai fasa sha ba, ɓuya kawai ya koma yi. Kuma mai ɓuya ƙaramar kwalba mai ƙarfi yake nema, don ta fi sauƙin sakawa a jaka. Sai ya kulle ƙofa ya kwankwaɗe ta da sauri kafin ya fita wajen casu, inda ba mai ganinsa balle ya ce ya isa haka. Mu ma nan mun ga irin wannan. A watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton binciken BBC. Matakin ya dace, amma wa zai rantse cewa shaye-shaye ya ƙare a unguwarsu daga ranar?

Amsata ga masu wannan hujja ita ce, hanin Dartmouth bai kai faɗin na 1920 ba, abu ɗaya mafi haɗari aka cire aka bar saura. Amma sharaɗi ɗaya ne zai sa ya yi aiki: duk ɗalibin da ya kira agaji don abokinsa ya sume, kada a hukunta shi, kada a hukunta wanda ya sume ɗin. Dartmouth tana da irin wannan ƙa'ida ta yafiya, jami'o'i da yawa ma haka. In babu ita, dokar hani tana iya zama ita ce sanadin mutuwa, don tsoron hukunci yana sa yara su tsaya suna shawara a kan wanda ke kwance maimakon su ɗaga waya. Awa goma sha biyun nan ta Penn State ta ishe mu darasi.

To, yanzu ga inda nake da ja.

Ba na musun cewa akwai alaƙa tsakanin giya da fyaɗe a jami'o'in Amurka. Bincike ya daɗe yana nuna cewa kusan rabin irin waɗannan laifuka akwai sha a ciki, ko ta ɓangaren mai laifin, ko wadda aka zalunta, ko duka biyu. A 2015 an tambayi ɗalibai kimanin 150,000 a jami'o'i 27, kusan kashi 23 cikin ɗari na matan da ke digirin farko suka ce an taɓa su ta hanyar lalata ba da yardarsu ba, ko da ƙarfi ko a lokacin da ba sa cikin hayyacinsu. Matsalar babba ce, ba wasa.

Amma alaƙa daban, sanadi daban. Dubban samari suna buguwa duk daren Asabar a waɗannan makarantu, mafi yawansu ba su taɓa kowa ba. Wanda ya ga yarinya ba ta iya tsayuwa da ƙafarta, ya ga dama ce ta samu maimakon ya ga mai neman taimako, wannan tunanin tun kafin ya buɗe kwalba yake ɗauke da shi. A hannun irinsa giya makami ce da yake kwantar da ita da shi, kuma uzuri ce da zai fake da ita washegari. In ka ƙwace masa bodka, zai yi da biya, haƙuri kawai zai ƙara.

Ku duba shari'ar Brock Turner. Ɗalibin Stanford ne, gwanin ninƙaya. A watan Janairun 2015 wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin da ke wucewa a kan keke suka same shi a kan wata mata da ba ta cikin hayyacinta, a bayan kwandon shara. Ya gudu, suka bi shi suka danne shi. Kotu ta same shi da laifuka uku, ciki har da yunƙurin fyaɗe. Masu gabatar da ƙara suka nemi shekara shida, alƙali Aaron Persky ya ba shi wata shida, ya yi uku ya fito. Da me ya kare kansa? Wai giya ce da al'adar casu ta makaranta suka ja shi. Matar, Chanel Miller, wadda ta bayyana sunanta da kanta a 2019, ta yi watsi da wannan uzurin a gaban kotu, ta nuna cewa ita ma ta sha a daren amma ba ta ci zarafin kowa ba. Mutanen yankin suka tsige alƙalin ta hanyar ƙuri'a a 2018. Sai ga shi wata biyu bayan hukuncin, Stanford ta fito da dokar kwalba. Ko me hukumar makarantar take nufi, saƙon da ya isa kunnen mutane da yawa shi ne: kun ji, ashe gaskiyar yaron ce, giya ce.

Nan haɗarin yake. In ka ce kwalba ce ke fyaɗe, ka rage wa mai laifi nauyi, ka ɗora wa wadda aka zalunta. Tambaya ta tashi daga me ya sa ka taɓa ta, ta koma me ya sa kika sha. Kuma yarinyar da aka ci zarafinta bayan ta sha abin da makaranta ta haramta, da wane ƙarfin gwiwa za ta je ofis ta kai ƙara, alhali ta san ita ma ta karya doka? Sai ta yi shiru. Ƙararraki su ragu a takarda, hukuma ta ce doka ta yi aiki.

Dartmouth ɗin ma da kanta ta ba mu misali. A 2018, shekara uku bayan hanin, wasu mata suka kai ta kotu suna zargin farfesoshi uku na sashen nazarin ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam da cin zarafi na tsawon shekaru. A 2019 aka sasanta a kan dala miliyan 14. Waɗannan ba yara 'yan shekara 19 ba ne da ke ɓoye kwalba a jaka. Manya ne masu iko a kan sakamako da makomar ɗalibai. Wace dokar kashi 15 ce za ta taɓa wannan? A shekarar ce kuma BBC ta fallasa malaman da ke neman lalata da ɗalibai a jami'ar Legas da jami'ar Ghana. Nan gida Arewa, jihohi da dama sun haramta giya tun farkon shekarun 2000, Hisba tana farfasa kwalabe a Kano, amma duk da haka kotunanmu ba su rabu da shari'o'in fyaɗe ba, wasu ma a kan ƙananan yara. A watan Yunin 2020 sai da gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Da kwalba ce tushen, da mu mun huta tuntuni.

Don adalci, Dartmouth ba kwalba kaɗai ta taɓa ba. Ta wajabta wa ɗalibai horo kan hana cin zarafi na tsawon shekaru huɗun karatunsu, ta hana wahalar da sababbin shiga ƙungiyoyi, ta kuma tanadi kora ga wanda aka samu da mummunan laifin lalata. A ganina waɗannan su ne ainihin maganin, amma su ba sa ɗaukar kanun labarai kamar hana wuski. Hani yana da arha, sanarwa ɗaya ce. Bincike na gaskiya, da korar ɗan mai kuɗi ko gwanin wasa ko farfesa mai kawo wa makaranta tallafi, shi ne mai tsada, shi ya sa ake kauce masa.

Ga iyayen da ke da yara a can waje, da masu shirin turawa: kada ku tsaya a tambayar ko makarantar ta hana giya. Ku tambaya, in yarinya ta kai ƙara wa ke saurarenta, kuma kwana nawa ake ɗauka? In yaro ya kira agaji don abokinsa, za a hukunta shi? Sannan wa'azin kada ya tsaya a kan 'ya'ya mata. Ku zaunar da 'ya'yanku maza ku gaya musu baro-baro: wadda ba ta cikin hayyacinta ba ta yarda da komai ba, abin da ya hau kanka shi ne ka kai ta wurin da za ta tsira, kamar yadda waɗannan 'yan Suwidin biyu suka tsaya a daren da za su iya wucewa abinsu.

A hana ƙaƙƙarfar giya, ina goyon baya, za ta rage gawarwaki. Amma shari'ar fyaɗe, mutum za a gurfanar.

Wanda ke da wata fahimta daban, bismillah, a tattauna cikin mutunci. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya shirya mu baki ɗaya.