Zinaren Ashanti ya koma Kumasi, amma da sunan aro

A watan Mayun 2024 jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gidan tarihi na fadar Manhyia da ke Kumasi, domin ganin kayayyakin sarauta 32 da suka dawo daga Landan, ciki har da takobin sarauta da lofen zinare. An yi murna, kuma ta cancanta. Sai dai gidajen tarihi na British Museum da V&A ba su mayar da kayan ba, aro suka bayar na shekara uku, da damar ƙara wasu uku.

Yawancin kayan nan sojojin Birtaniya ne suka kwashe su a 1874, lokacin da Janar Garnet Wolseley ya shiga Kumasi aka wawushe fadar sarki sannan aka rusa ta. Kuma ko da ba daɗin ji, akwai sojojin Hausawa da suka yi wa Turawa wannan yaƙi ƙarƙashin Kyaftin John Glover, alhali 'yan uwansu fatake sun daɗe suna cin arzikin goron Ashanti a kasuwar Salaga.

Al'ummar Akan, wato Ashanti da Fante da Bono da Akyem a Ghana, da Baule a Kodebuwa, sun san zinare tun kafin Turawan Fotugal su gina sansanin Elmina a 1482. Garuruwa irin su Bono Manso da Begho sun yi ciniki da Wangarawa masu kai zinare Jenne. Garin zinare shi ne kuɗinsu, ana auna shi da 'yan ma'aunai na tagulla masu siffar tsuntsu ko kada, da yawansu ɗauke da karin magana.

Da Osei Tutu ya karya daular Denkyira a 1701, abin da ya haɗa kan Ashanti shi ne Kujerar Zinare, wadda suka yi imani cewa ran al'ummar yana cikinta. Ko sarki ba ya zama a kanta. Shi ya sa da Gwamna Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa ita a 1900, Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranci yaƙi. An kama ta aka kai ta tsibirin Seychelles, inda ta rasu a 1921. Kujerar kuwa Turawa ba su taɓa samunta ba.

Mutanen da suka zubar da jini kan kayan sarautarsu ne yau ake sa wa hannu a takardar aro.

Masu kare yarjejeniyar na cewa dokar Birtaniya ta 1963 ta hana British Museum rabuwa da kayansa, don haka gara aro da babu. Babu laifi ga Asantehene Osei Tutu II da ya karɓa, domin yaran Kumasi sun ga aikin kakanninsu ba tare da neman biza ba. Amma majalisa ce ta yi dokar, kuma tana iya sauya ta in ta ga dama. A watan Fabrairun 2024 gidan tarihi na Fowler da ke Amurka ya mayar wa fadar kayayyaki bakwai ba tare da wani wa'adi ba.

Wa'adin farko na aron zai cika a 2027. Ya kamata gwamnatin Ghana, wadda ba da ita aka ƙulla yarjejeniyar ba, ta fito fili ta nemi a bar kayan a Kumasi har abada.