Ɗan Dambe Ma Yana Da Iyali

Duk wanda ya taɓa shiga gidan dambe da yamma, ko a Kano, ko a Dei-Dei ta Abuja, ko a unguwannin Hausawa na Ikko, ya san yadda wuri kan ɗauki zafi da zarar kalangu ya fara magana. Samari su fito da zare ɗaure a hannu, Kudu da Arewa, Jamus da Guramaɗa, kowa yana taƙama da ɓangarensa. Turmi uku akan yi, in kuwa aka sami kisa, watau hannu ko gwiwar wani ta taɓa ƙasa, sai fili ya ruɗe da sowa. Daga nan 'yan kallo su watse. Ba safai akan sami mai tambayar inda wanda aka buge ya kwana ba, balle wanda ya biya masa kuɗin magani.

Asalin dambe wasan mahauta ne. Da kaka, bayan amfanin gona ya shiga rumbu, sukan bi garuruwa wajen bukukuwa, su yi fawa da rana, 'ya'yansu kuma su gwada ƙwanji a dandali. Ɗan damben wancan zamani yana da sana'ar da yake ci da ita, in kuma ya karye gida na kusa, mai ɗori na kusa. Suna yake nema, irin wanda Shago ya samu a bakin marigayi Ɗan Anace.

Na yau kuwa ci-rani ya fito. Yakan baro ƙauyensu a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, ya bar mata da 'ya'ya da tsofaffi, ya hau mota zuwa Kudu, ya kwana a rumfar gidan dambe. Abin da 'yan kallo suka liƙa masa, da ɗan abin da mai gida ya ba shi, da su zai ci, da su zai yi aike. Ran da bai sa zare ba, ran nan ba a ɗora tukunya a gidansu. Saboda haka wanda aka sumar yau sai a gan shi a fili jibi, alhali kuwa likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa dukan kai a kan dukan kai yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar mutum da mantuwa da rawar hannu da nauyin baki tun bai tsufa ba. A damben zamani, wanda Hogan Bassey ya ciyo wa Nijeriya kambin duniya a cikinsa a 1957, wanda aka sumar tilas ya huta na makonni kafin a sake barinsa ya hau.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne kuɗi sun shigo. Tun daga wajen 2017 hotunan dambe suka bazu a YouTube, miliyoyin mutane suna kallo har a Turai da Amurka, tallace-tallace kuma suna biye da su. Gaskiya ne wasu masu shirya manyan gasa sun fara kawo likita, suna kuma haɗa 'yan wasa bisa ga nauyinsu, sun cancanci yabo. Amma gasa irin wannan jefi-jefi ce, dambe kuwa kusan kullum ana yinsa.

Akwai masu cewa doka za ta kashe al'ada. To, ai ga Nijar nan. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi a Tawa, hukuma ta riƙe kokawar gargajiya da ƙa'ida da alƙalai, kokawa kuwa sai ƙara farin jini ta yi.

Ya kamata Hukumar Wasanni ta Ƙasa da gwamnatocin jihohi su yi wa gidajen dambe rajista, kada a buɗe fili sai da ma'aikacin lafiya a bakinsa. Wanda aka sumar a hana shi sa zare har wata guda, a riƙa ba shi na abinci daga wani asusu da za a tara cikin kuɗin ƙofa, domin hutun da babu abinci a cikinsa ba mai yarda ya yi shi. Masu ɗaukar hoto kuma su rubuta yarjejeniya da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta wa ɗan dambe gaban shaidu, ya ji kasonsa da kunnensa kafin ya miƙa hannu a ɗaura masa zare.