Motar Wasa Ta Riga Babur ɗin Gobir

Ga wani labari mai ban haushi. A filin wasan Disneyland da ke Amurka akwai 'yan ƙananan motoci masu shan fetur, ana ce musu Autopia, yara na tuƙa su tun 1955. A 2024, bayan an yi ta ƙorafin hayaƙinsu, kamfanin ya yi alkawarin mayar da su masu aiki da lantarki. Motocin wasa fa!

To, mu fa? Mutumin ƙauyen Sabon Birni ko Isa, babur ne motar asibitinsa, shi ne jakinsa na zuwa kasuwa. A 2021 gwamnatin Sakkwato ta hana sayar da mai a jarka domin 'yan bindiga, talaka ya ji a jikinsa. A Mayun 2023 aka janye tallafi, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku.

Abin takaici, dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt, kuma a 2021 hukumar da yake shugabanta a lokacin ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Madalla. Amma wa ya ce ranar birni ta fi ta Gobir zafi?

Wasu za su ce a fara da tsaro. Na ji. Sai dai babur ɗin da aka yi wa caji a tsakiyar gari ba ruwansa da jarka, jarkar nan da ke ratsa daji ta kai wa ɓarayi mai. Ku da ke rubuta kasafi a ma'aikatun Sakkwato, ku sa tashar caji a Isa da Sabon Birni.