Karen Gadi da Hayaniyar Sallah: Tsoro Ne, Ba Mugunta Ba

Unguwar GRA a birnin Katsina wuri ne da ya saba da shiru, kuma gidaje da dama a cikinta suna da karen gadi. A yawancin kwanakin shekara wannan dabba ba ta ganin kowa sai mutanen gida da maigadi. Kwatsam sai ga Sallah: raguna na kuka a tsakar gida, baƙi na shiga da fita, yara 'yan yawon Sallah na buga ƙofa, ga amon bindigogi a ranakun Hawan Sallah da Hawan Bariki. Karen da aka sani da natsuwa sai ya kama haushi ba ƙaƙƙautawa, maigida kuwa ya ɗauko sanda. Wannan kuskure ne, kuma yaran maƙwabta ne kan biya kuɗinsa.

Kunnen mutum yana jin sauti har zuwa kimanin girgiza 20,000 a daƙiƙa guda, na kare kuwa yana wuce 40,000. Wato akwai ƙararrakin da ke damun kare waɗanda maigidansa ba ya jin su sam. Abin da ya fi wannan muni shi ne, mutum ya san dalilin harbin bindiga, kare bai sani ba. Da zarar ya firgita, jikinsa zai saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugawa, tsoka ta ɗaure, ya shirya wa ɗayan abu biyu: gudu ko faɗa. To, karen da aka ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa an hana shi gudu. Me ya rage masa?

Kafin ya kai cizo yakan nuna alamu. Zai kwantar da kunnuwa baya, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya yi ta haki da lasar baki ko da ba zafi, daga bisani ya yi gurnani. Gurnanin nan gargaɗi ne. Wanda ya doki kare don ya yi gurnani bai cire masa tsoro ba, gargaɗin kawai ya cire, gobe sai ya yi cizo ba sallama. Tun zamanin masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar Nobel a 1904, aka san cewa kare yana haɗa abubuwa biyu da ke zo masa tare. Idan duk zuwan yara duka ke biyo baya, yara ne zai ɗauka abokan gaba.

Maganin ba shi da tsada. Tun jajibiri a mai da shi ɗakin baya mai inuwa da iska, nesa da ƙofar gida, a ajiye masa ruwa da shimfiɗar da ya saba da warinta. A zagaya da shi da asuba kafin gari ya cika, a kuma ba shi abinci a lokacin da ya saba. Kada a zuba masa kitsen layya, ko dafaffen ƙashi da ke tsagewa a ciki, ko ragowar miya mai albasa, domin albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jininsa.

Dalilin ɗaukar lamarin da muhimmanci shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Rigakafinsa yana nan tun aikin Louis Pasteur a 1885, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom kuma tana yin na karnuka. Maigidan da ya iya sayen rago ba shi da uzurin barin karensa ba allura. Idan kuwa cizo ya auku, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira a gama bikin Sallah.