Cutar dabbobi ba ta san iyaka ba

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da masassarar tsuntsaye a Jaji, cikin jahar Kaduna ta Najeriya. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magariya, jahar Damagaram. A 2016 kuma zazzaɓin Rift, mai sa dabbobi ɓari, ya kashe mutane fiye da 30 a jahar Tawa.

Mene ne darasin? Iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, garke na ƙetare ta dare da rana, wasu har kasuwar Turaku a nan Yamai. Muna da ɗakin binciken LABOCEL, amma sai an kai masa jinin dabba yake gane cuta. Wanda ke fara ganinta shi ne makiyayi.

To makiyayin da ya san za a hallaka dukiyarsa ba diyya, zai faɗa? Sai dai ya rufe baki ya kai kasuwa.

A ganinmu, ya kamata hukuma ta tanadi kuɗin diyya tun kafin annoba, ta kuma kai likitocin dabbobi rugage da mashaya. Rigakafi ya fi magani.